Wadda Ta Tsaya a Tsakiya

Mu uku Inna ta haifa, duk mata, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa yarda an ɗauke mu hoto mu uku cur ba. Kowa a tsibirinmu ya san dalili: in mutum uku suka jeru gaban mai hoto, na tsakiya ne zai riga sauran mutuwa. Sauran iyaye suna faɗa suna dariya, amma ban da Inna. Duk sabuwar shekara, in mai hoto ya tsallako da akwatinsa ɗaure a bayan keke, sai ta yi mana wanka, ta taje mana kai, ta tamke mana ɗamara har numfashi ya gagara, sannan ta fita farautar cikon na huɗu. In ta yi sa'ar kama ɗan maƙwabta mai majina, shi ke nan. In ba ta samu ba, mai hoton yana da wata 'yar tsana mai gutsurarren hanci da yake yawo da ita saboda irin su Inna, sai a ɗora ta kan kujera a cikinmu kamar 'yar gida. Akwai shekarar da mai tallar awara ne tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofarmu, aka tsayar da shi da bokitinsa.

Ni ce auta, sunana Teruko, kuma tun ina 'yar ƙanƙanuwa abin nan yake ƙona min rai. Buɗe hotunan gidanmu ka gani. Ga Yaya Kinuyo, babbarmu, tsaye ƙiƙam ta haɗa hannu a gaba. Ga Harue mai bi mata, wadda kullum sai an danna take ƙifta ido. Ga ni na cika na yi fam. Ga kuma baƙo, wanda yau ko sunansa babu mai tunawa.

Da na girma na tsallaka Osaka, na shiga aikin ɗinki a masana'anta, na yi aure, na binne miji, na zama 'yar birni mai cewa wannan duk camfin ƙauye ne. Harue ta auri Genzo mai gyaran kwale-kwale, suka zauna a bakin tashar jirgi. Yaya ce ta riƙe gida da gonar lemu, hawa-hawa a jikin tsauni, ita da mijinta, daga baya ita kaɗai. Kowace kaka sai kwalin lemu ya iso min Osaka, an shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, an cusa busasshen kifi a gefe. Shekarar da kwali ya zo min sau biyu a mako ɗaya na yi dariya, na ce Yaya ta yi arziki. Da ya zo na uku, babu lemu a ciki sai jarida da almakashin tsinka, ban yi dariya ba.

Daga nan abin ya riƙa tafiya da sauri. Ta sa butar shayi a firji. Ta kira Genzo da sunan marigayin mijinta. Wata safiya aka tsince ta a tashar jirgi da lema biyu, wai ta zo taryar Baba, wanda ya daɗe da rasuwa, kada ruwa ya dake shi. Ɗanta Noboru ya samo mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da inda yake aiki a Hiroshima, kuma babu wanda ya ga laifinsa, don tsibirin ko likita babu sai ranar da jirgi ya kawo shi. Mutanen gidan suka ce a zo mata da hotuna, na wurin da ta sani da fuskokin da ta sani, wai yana taimakawa.

Ni dai abin da ya hana ni barci shi ne, in fuskoki suka fara zube mata, tawa ce za ta fara faɗuwa. Harue kullum tana gabanta. Ni ce na tafi, ni ce mai zuwa sau ɗaya a shekara da tsarabar alewa da ƙorafin sauro. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina son hoto ɗaya da za a kafa mata a bango, wanda ya ɗebo gida da gona da teku gaba ɗaya, mu uku a ciki, babu 'yar tsana, babu mai awara. Ranar da na sauka tsibirin, washegari da safe Noboru zai zo ya tafi da ita, don haka yini ɗaya tak nake da shi.

Na kuwa zo da shirina. A shagon da na sayi waya suna koya wa tsofaffi yadda ake amfani da ita, kuma a can na koyi dogon hoto, wanda suke kira fanorama. Ka danna, sai ka riƙa juya wayar a hankali daga hagu zuwa dama, wata 'yar kibiya tana bin layi. In ka yi sauri wayar ta ce ka rage, in hannunka ya karkace kibiyar ta sauka daga layi. In ka gama sai ka ga duk abin da idonka ya zagaya ya shiga hoto ɗaya, siriri, dogo kamar ɗamara.

Genzo ya kwashe mu a 'yar a-kori-kurarsa bayan abincin rana, muka hau har tudun ƙarshe inda tsohuwar rumfar tara lemu take. Rabona da wurin tun Inna tana da rai. Rabin gonakin sun koma daji, ciyawa mai naɗo ta haɗiye bishiyoyin maƙwabta, aladun daji sun tone gindin katangar dutse. Amma gonar Yaya tana nan fes, lemu ya nuna ya yi jawur har rassa suna sunkuyawa. Daga hagu kana hango rufin gidanmu da bishiyar kanya a tsakar gida. Ka juyo kaɗan ga makarantarmu da aka rufe, ga tashar jirgi, ga teku shimfiɗe, sai tsibirai a jere har can inda gada ta bi ta kansu ta manta da namu.

Na nuna wa Genzo yadda zai yi. Sai da na ɗaga murya, don ya baro na'urar kunnensa a gida, wai batirinta tsada.

"Daga can ka fara, daga kanya. Ka ga kibiyar nan? Kada ka bari ta bar layi."

"Ni da na shekara hamsin ina daidaita katakon jirgi da ido," in ji shi, "wata kibiya ce za ta gagare ni?"

"Jiragen da ka gyara ai duk da kwanon kwalfe ruwa ake shigarsu," na ce.

"Me ta ce?"

"Ta ce ka iya aiki, Baban yara," Harue ta kwarma masa a kunne. "Riƙe wayar mutane da kyau."

Muka jeru. Ni a hagu wajen gida, Harue ta dogara sandarta a gaban rumfa, Yaya a dama wajen teku. Na bar rata a tsakaninmu da gangan, ina fatan ba za ta lura ba. Genzo ya ɗaga waya ke nan sai Yaya ta ɗaga hannu.

"Dakata. Mu nawa ne?"

"Yaya, hoton gona ne kawai, mu cikon ado ne."

Ta nuna ni da yatsa, ta nuna Harue, ta dafa ƙirjinta. "Uku. Ina 'yar tsana?"

Na tsaya ina kallonta. Matar nan da safe ta tambaye ni yaya maigidana, mutumin da ita da kanta ta zo jana'izarsa. Ta manta yadda ake kunna murhu. Amma camfin Inna yana nan daram, ko ƙura bai yi ba. Hali zanen dutse.

"Yaya, an daina wannan tun zamanin keke. 'Yan makaranta kullum su uku suke cusa kai a waya ɗaya, ba mu ji sun mutu ba."

"'Ya'yan wasu ne. Ni ƙannena biyu gare ni."

Harue, wadda ba ta son rigima tun muna yara, ta ce, "To Baban yara ya shigo mana mu cika huɗu."

"Wa zai juya wayar? Alade?"

"To a ɗauko kwandon lemu a sa masa hula."

"Ba za a sa ba!" na ce, har Genzo ya ji. "Shekara saba'in ana cusa mana baƙi. Yau ɗaya dai a bar mu mu kaɗai."

Yaya ta zauna kan kifaffen kwando, ta kalli teku, irin zaman da Inna take yi in ta gama magana. Na san in na ja, har dare muna nan.

Sai na tuna wani tsoho a ajinmu na koyon waya, wanda ya ba mu dariya ran nan. Ya tsaya a farkon hoto, da wayar ta wuce shi sai ya zagaya ta bayan mai ɗauka ya je ya tsaya a ƙarshe, ya fito sau biyu kamar tagwaye. Na yi musu bayani. Zan tsaya a hagu, in wayar ta wuce ni in ruga ta bayan Genzo in tsaya a ƙarshen dama, bayan Yaya. Mutum huɗu a hoto, kuma babu bare.

"Ke biyu?" Harue ta ce. "Ɗaya ma ya muka ƙare da ita?"

Yaya ta yi lissafi da yatsu. "In dai za a ƙirga huɗu," ta ce, "na yarda."

A aji kan tayil mai santsi tsohon nan ya yi nasa, taku kaɗan. Nan kuwa ƙasa ce mai gangara, ga saiwoyi, ga duwatsu, ga ƙarfen da ɗan jirgin dakon lemu yake bi ya gitta a tsakiya sai an tsallake. Ni kuma rabona da gudu tun ranar da na kusa rasa jirgin ƙasa da takardar asibiti a hannu.

Na farko ban ko kai ƙarfen ba Genzo ya gama, ya yi juyi ɗaya kamar mai korar ƙuda. Muka taru kan wayar. Teku ya fito hawa-hawa kamar matakala, rumfa ta lanƙwashe, ga mu uku tsaf, Harue a tsakiya.

"Ƙona shi," in ji Yaya.

"Ba a ƙonawa, gogewa ake."

"Goge ina gani."

Na goge tana gani. Ta karɓi wayar ta duba bayanta, ta girgiza ta. "Ina ya tafi?"

"Ya tafi, Yaya."

Muka sake. Wannan karon Genzo ya tafi a hankali har hannunsa ya kama rawa, Harue ta fito a hoton da haɓa uku a kan biyun da take da su. Muka sake, ni na yi wuf na tashi tun wayar ba ta gama wuce ni ba, na fito ƙafa ɗaya tsaye ita kaɗai a gindin lemu, da takalminta. Genzo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Wannan a bar min shi! In sa a shago ya kori ɓeraye."

"Ka ji da hannunka mai karkarwa, tsohon banza."

"Ni dai ku gaya min," Harue ta ce tana share hawaye, "yau sau nawa na mutu? In sanar da yara su fara raba kaya."

"Ke, rufe bakinki," in ji Yaya, babu alamar wasa.

Da numfashina ya ƙare muka zauna a inuwar rumfa. Harue ta kwance ƙunshin curin shinkafa, ta zuba shayi a murfin fulas muka riƙa zagayawa da shi. Yaya ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba ta tsinko lemu, ta juya shi a tafinta, ta ce wannan ɓangaren da ke kallon teku ya fi zaƙi don rana biyu yake sha, ta sama da ta ruwa. Ta ɓare shi, bawon ya fita ɗaya bai yanke ba, ta raba uku ta miƙa mana. Genzo ta manta da shi, ya tsinki nasa.

Sai ta fara labari, kuma babu inda ta yi tuntuɓe. Ta lissafo matan da suke tsallakowa aikin tsinka da kaka, da sunan ƙauyen kowacce. Ta tuna yadda tsaunin nan yake cika da ƙarar almakashi tun hantsi, ƙyas ƙyas ƙyas ta ko'ina, da yadda ake kiran juna daga tudu zuwa tudu in shayi ya tafasa. Ta tuna Baba yana saukowa da kwando biyu a kafaɗa kafin a kafa ƙarfen nan, wuyansa ya yi kanta. Ta tuna ana ba mu hutun makaranta don tsinka, tafin hannunmu ya yi ɗorawa saboda shan lemu har malami ya aika a tambaya ko shawara ce. Ni da nake taƙamar ƙwaƙwalwata garau, rabin abin da ta faɗa sai da ta faɗa na tuna.

"Ke kuma Auta," ta ce, "a cikin kwandon can ake ajiye ki. In kika fara tsala ihu har tashar jirgi ana ji. Inna ta ce in goya ki, ni kuma in cusa miki lemu a baki in ci gaba da aikina."

"Shi ya sa har yau bakinta da tsami," in ji Genzo, wanda kunnensa yake buɗewa in ya ga dama.

Muka yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta karkaɗe siket ɗinta ta ce, "Gobe Noboru zai zo."

Ni da Harue muka kalli juna. Harue ta ce, "E, zai kai ki ki ɗan huta, ki ga jikoki, kwana biyu…"

"Harue. Na san inda za ni. Ku daina yi min magana kamar jaririya." Ta kalli bishiyoyin. "Wani lokaci hazo ne, wani lokaci ya washe. Yanzu a washe yake. Ku tashi mu yi abin nan tun yana washe."

Na tashi da ƙarfina, na ce wannan karon sai na kai. Na ƙulle siket, na cire rigar sanyi. Wayar ta wuce ni, na zabura, na zagaya Genzo, na ɗaga ƙafa zan tsallake ƙarfen, sai ga ni a ƙasa. Gwiwata ta dama ta daki dutse, na ji zafin har cikin haƙori. Kafin su ƙaraso ta fara kumbura.

Rana ta riga ta karkata, inuwar tsauni ta cinye rufin gidanmu tana gangarowa. Na zauna a ƙasa riƙe da gwiwa, ga ƙasa a baki, sai kawai na fashe da kuka, kukan haushi irin na yara. Na zagi ƙarfen, na zagi wayar, na zagi mai hoton nan da 'yar tsanarsa, shi da ya daɗe da zama ƙasa. Na ce abu ɗaya na roƙa a rayuwata, ɗaya tak, shi ma an hana ni saboda maganar da babu wanda ya san wanda ya ƙirƙiro ta.

Yaya ta tsuguna ta kakkaɓe min gashi. Ta daɗe tana kallona.

"Shi ke nan, Auta. Share fuskarki. Je ki tsaya wurinki, ba sai kin yi gudu ba."

"Mu uku?"

"Mu uku. A ɗauka haka."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya kama ni. Na ce a raina yau dai na ci Inna da yaƙi. Na ɗingisa na koma hagu, na gyara gashi, na goge hanci, na ja wa Genzo kunne cewa in ya ɓata wannan sai na jefa shi teku. Ya gyara tsayuwa, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya cije leɓe. Na kalli wayar na yi murmushin da na fi shekara sittin ina ajiyewa.

Wayar ta wuce ni a hankali, sumul, karon farko da hannunsa bai yi rawa ba. Na juya kai in ga 'yan'uwana.

Sun sauya wuri. Ina can ina gyaran gashi Yaya ta ja Harue ta kai ta ƙarshen dama, ita kuma ta dawo gaban rumfa. Tana tsaye ƙiƙam, ta haɗa hannu a gaba, ta ɗaga haɓa. Fuskarta a kwance take, irin ta wanda ya gama ɗaure kayansa yana jiran jirgi.

Ni ce mai cewa camfi ne. Ni ce na san ana gogewa da yatsa ɗaya. Na rantse a wannan lokacin ko ɗaya bai zo min a rai ba. Abin da na gani kawai shi ne wayar nan tana tafiya wajen yayata, ita kuma ta tsaya tana jira. Na kwala wa Genzo kira, iska ta tafi da shi, kurman bai ko motsa ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Gwiwar da ta ƙi taka ƙasa ta taka. Na wuce ta bayansa, na ga ƙarfen na tsallake ban san yadda aka yi ba, takalmi ɗaya ya fice na bar shi. Reshe ya tsage min kumatu. Ta gefen ido ina ganin wayar ta wuce Yaya, ta doshi Harue, ta wuce ta, saura teku. Na yi tsalle ko faɗuwa, oho, na dai cafki hannun rigar Harue muka tafi luu, sandarta ta yi gefe, muka zube a gindin lemu.

"Wayyo ƙuguna! Ke mahaukaciya ce?"

"An gama!" Genzo ya ɗaga waya sama. "Kibiya ba ta bar layi ba ko sau ɗaya. Ku zo ku ga aikin gwani. Af, me kuke yi a ƙasa?"

Muka haɗa kai a kan wayar, ina haki kamar zan amayar da huhu. Hoto ya yi kyau, wannan ba a ƙwace wa Genzo. Ga kanya, ga rufin gida, ga ni tsaf da murmushi. Ga Yaya gaban rumfa. Ga makaranta da tashar jirgi a bayanta, ga Harue, ido a rufe. Can a bakin ƙarshe, inda teku ya kamata ya kasance shi kaɗai, ga rabin mace. Ido ɗaya a zare, baki a wangame, gashi a tsaye, hannu ɗaya ya damƙe rigar Harue. Sauran jikin hoton ya yanke shi.

Yaya ta sa yatsa tana ƙirgawa. "Ɗaya. Biyu. Uku." Yatsan ya tsaya a kaina. "Da rabi."

"To wa ke tsakiya a uku da rabi?" in ji Harue.

Genzo ya karɓa, ya auna da babban yatsa daga wannan baki, ya auna daga wancan, kamar mai shirin yanka katako. "Tsakiya dai ta faɗa kan bishiyar can mai busasshen reshe."

"Dama ta kusa," Harue ta ce. "Ta je lafiya."

Suka yi dariya su biyu. Yaya ba ta yi ba. Ta juyo ta kalle ni, idonta ya yi ja, kuma tun ina yarinya ban ga ta yi fushi irin wannan ba.

"Wa ya sa ki? Na ce ki tsaya wurinki."

"Yaya…"

"Ni ce babba. Na riga na gama shirina. Kin san abin da ke jirana a can? Kin san yadda ake ƙarewa da wannan ciwon? Na samu hanya mai sauƙi, kin zo kin tare."

Na matsa kusa da ita. Sai na riƙe hannunta, mai kaushi, mai ƙamshin bawon lemu, na ce, "Ki yi haƙuri. Ba zan iya ba ne."

Ta bar min hannun. Lasifikar gari ta saki kiɗan yamma daga tashar jirgi, muka tsaya har ya ƙare. Sannan ta ce wa Harue ta nemo min takalmina kada alade ya tafi da shi.

A Osaka na kai aka wanke hoton. Mai shagon ya ce zai iya datse ƙarshen nan da ya lalace, na ce ya taɓa ya gani. Aka sa shi a gilashi, tsawonsa ya kai hannu biyu a buɗe, Noboru ya kafa mata shi a saitin gado.

Gwiwar ta kwantar da ni duk lokacin sanyi, sai da aka yi min aiki. Ban samu zuwa Hiroshima ba sai da bazara ta shigo. Na same ta zaune bakin taga, an yanke mata gashi gajere, ta rame, hannunta ya yi laushi kamar ba nata ba. Na gaishe ta, ta amsa da ladabi, har da ɗan sunkuyawa, irin gaisuwar da ake yi wa mai karɓar kuɗin lantarki. Na ce, "Yaya, ni ce." Ta yi murmushi ta ce sannu da hanya, ta nuna min kujera.

Abin da na ji tsoro ya faru, kuma sanin zai faru bai rage min komai ba. Na zauna na ɓare mata lemun da na saya a tasha. Ta ɗanɗana ta ajiye, ta ce wannan bai ga teku ba.

"Ke baƙuwa ce a nan ko?" ta ce. "Zo ki ga garinmu."

Ta kama hannuna ta kai ni gaban hoton. Ta bi shi da yatsa daga hagu, a hankali, tana gaya min: ga gidanmu, ga kanyar da Baba ya dasa, ga rumfa, ga makaranta. "Wannan ni ce. Wannan Harue, kullum barci take a hoto. Wannan Teru, autarmu."

Na nuna rabin macen da ke ƙarshe. Na tambaye ta, "Wannan fa?"

"Ita ce dai. Ba ta jin magana, na ce ta tsaya ta ƙi." Ta ja hannun rigarta ta goge gilashin a daidai wurin, duk da babu ƙura. "Tana Osaka, aiki ya yi mata yawa, ba ta cika zuwa ba. Amma kada ki ga haka. In ta ji wani abu zai same ni, da gudu take zuwa."

Na ce mata haka ne, na san ta. Ta ji daɗi, ta ce to in na koma in gaishe ta, in ce ta riƙa sa rigar sanyi. Na ce zan faɗa mata. Muka koma bakin taga, na zauna kusa da ita har aka zo kiran cin abincin yamma.